Darasin Kimiyya: Daga Masai Zuwa Rijiya, da Aikin da Ke Wuyan Ƙaramar Hukuma

Fanni: Kimiyyar lafiya da muhalli
Aji: Babbar sakandare, aji 1
Lokaci: Zama 2, kowanne minti 40
Kayan aiki: kofunan gilashi biyu, gishiri, faffaɗar roba da ake ganin cikinta, tsakuwa, yashi, yumɓu, guntun tiyo, sirinji marar allura, jiƙaƙƙen zoɓo, tef na awo

Manufar darasi

A ƙarshen darasin nan ana so ɗalibi ya iya:

1. bayyana hanyoyin da ƙazanta ke bi daga masai ta isa rijiya;
2. faɗin abin da ƙwayar kwalara ke yi wa hanji, da dalilin da ya sa ruwan gishiri da sukari ke ceton rai;
3. lissafa awo huɗu da dubagari ke yi wa ruwan sha;
4. tsara tambayoyin da ya kamata kansila ya yi a zauren majalisa game da ruwan mazaɓarsa.

Gabatarwa

Kafin mu buɗe littafi, ku dubi kofunan nan biyu da ke kan tebur. Dukansu ruwa ne garau, har kuna hango allo ta cikinsu. Ɗaya daga ciki na narkar masa da gishiri cokali guda. Wa zai nuna mini wanne ne ba tare da ya kai baki ba? Babu. To, gishirin da harshe ke ganewa nan take ke nan ya ɓace wa ido, ina ga ƙwayar cutar da ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano?

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A sha'anin ruwan sha, ido bai san ƙima ba. Sai an auna. Tambayar darasinmu ke nan: me ake aunawa, wa ke aunawa, wa kuma ke bin diddigi ya tabbatar an auna?

Mataki na 1: Abin da doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma

Nijeriya na da ƙananan hukumomi 774. Kano na da 44, Katsina 34, Jigawa 27, Kaduna da Sakkwato 23 kowacce. Fasalin da muka sani a yau ya samo asali ne daga gyaran 1976, wanda ya daidaita tsarin a duk faɗin ƙasa bayan zamanin En'e. Sashe na 7 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya tanadi zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, Jadawali na Huɗu kuma ya jera ayyukansu. Daga ciki akwai gina magudanan ruwa da kula da su, kwashe shara da ƙazanta, samar da banɗakunan jama'a, kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu, sa ido a kan gidajen abinci da gidajen burodi, da haɗa hannu da jiha wajen kiwon lafiya.

Ku sake duban jerin nan da idon ɗalibin kimiyya. Jinin mayanka ina yake gangarawa? Ruwan da ya ratsa bola bayan an sheƙa ruwan sama ina ya nufa? Abin da ke cikin banɗakin tasha fa? Duka mahaɗarsu ɗaya ce, wato ruwa. Ƙaramar hukumar da ta yi sakaci da magudana da bola ta riga ta yi sakaci da randar kowane gida.

Hukumar kuma hannu biyu gare ta. Ciyaman da ma'aikatansa, cikinsu har da jami'an tsaftar muhalli da muke kira dubagari, su ke zartar da aiki. Majalisar kansiloli ita ke yin dokokin cikin gida, ta amince da kasafin kuɗi, ta bi sawun aikin. Ku riƙe wannan rabon, za mu dawo kansa.

Mataki na 2: Inda ruwan rijiya ke fitowa

Idan aka yi ruwan sama, wani ya gudu a doron ƙasa zuwa kwata da kududdufi, wani rana ta ɗauke, wani kuma ya nutse. Wanda ya nutse yana ratsa ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. A sama-sama, ƙofofin nan na ɗauke da iska haɗe da danshi. Can ƙasa kuwa duk sun cika da ruwa maƙil. Iyakar da ke tsakanin sassan biyu ita za mu kira fuskar ruwan ƙasa. Idan mai haƙar rijiya ya ce ya tarar da ruwa, wannan iyakar ya cim ma.

Abubuwa uku za ku riƙe game da ruwan ƙasa.

Na farko, ba a tsaye yake ba. Yana tafiya sannu a hankali daga tudu zuwa gangare, kuma idan ana yawan jan rijiya, ruwan da ke kewaye da ita yakan karkato gare ta.

Na biyu, saurinsa ya danganta da irin ƙasar. Yashi da tsakuwa na barin sa ya wuce da sauri. Yumɓu na riƙe shi ƙam. Tsagin dutse kuwa tamkar bututu ne, ruwa na bi ba tare da an tace shi ba. Yawancin ƙasar Kano, Katsina, Kaduna da Zamfara na kan tsohon dutse ne, ruwanta na zaune a ruɓaɓɓen saman dutsen da cikin tsagoginsa. Arewa maso gabashin Jigawa da Yobe da Borno kuwa suna kan shimfiɗun yashi da yumɓu na kwarin Tafkin Cadi. Saboda haka tazarar da ta wadatar a wani gari tana iya gazawa a wani.

Na uku, fuskar ruwan na hawa da sauka. Rijiyar da a watan Afrilu sai an saki igiya gaba goma, a Agusta ƙila gaba huɗu ta isa. Ramin masan da ya bushe da rani, da damina ruwan ƙasa na iya taso masa har ya jiƙa gindinsa. Wannan na cikin dalilan da suka sa amai da gudawa ya fi ɓarna a tsakiyar damina.

Ƙazanta na shiga ruwan sha ta ƙofa uku: ta ƙarƙashin ƙasa daga masai, ta bakin rijiya idan ambaliya ko ruwan kwata ya malalo ciki, sai ta hannunmu, wato guga da igiyar da aka yar a ƙasa inda kaji da awaki ke tattakawa, jarkar mai ga-ruwa da ba a wankewa, da moɗar da kowa ke tsomawa a randa. A nan karin maganar nan ta zama zahiri: rijiya ta bayar, guga ya hana.

Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bi ita ce, masai ya nisanci rijiya da aƙalla mita 30, ya kasance ta ɓangaren gangare, gindin raminsa kuma ya ɗara fuskar ruwan ƙasa da aƙalla mita 1.5. Dalili shi ne ƙasa matata ce. Tana kama ƙwayoyin cuta, su kuma suna mutuwa a hanya idan tafiyar ta yi tsawo.

Yanzu ku ɗauki biro. Filin gida mai ƙafa 50 tsawo da ƙafa 50 faɗi ya kai kusan mita 15 kowane gefe. Idan aka haƙa rijiya a wannan kusurwa, masai a waccan, tazarar ita ce tushen 15 sau 15 a tara da 15 sau 15, wato tushen 450, kimanin mita 21. Kun gani? Duk ƙoƙarin maigida, filinsa ba zai ba shi mita 30 ba. Kuma ko ya nisanta nasa masan, na maƙwabcinsa na iya zama a bayan katanga, taku biyar daga rijiyarsa. Ruwan ƙasa bai san katanga ba. Matsalar da ta fi ƙarfin gida ɗaya kuwa, hukumar da ke kan unguwar duka ce kawai za ta iya tsara ta.

Mataki na 3: Gwaji

1. A zuba tsakuwa a gindin robar, a bi ta da yashi har ya kusa cika.
2. A soka guntun tiyo a gefe ɗaya har ya taɓa tsakuwa. Wannan ita ce rijiyarmu.
3. A zuba ruwa a hankali har kashi ɗaya cikin uku na yashin ya jiƙe sharkaf. Ku leƙa ta jikin robar ku ga layin da ya raba jiƙaƙƙe da busasshe. Ga fuskar ruwan ƙasa nan.
4. A ɗaya gefen a tona ɗan rami da yatsa, kada ya kai layin. Wannan shi ne masai. A zuba masa zoɓo cokali biyu.
5. A zuƙo ruwa daga tiyo da sirinji, a duba launinsa, a rubuta.
6. A yayyafa ruwa a saman yashin kamar ruwan sama, a ci gaba da zuƙowa duk bayan minti ɗaya, ana rubuta abin da aka gani.

Da farko sirinjin zai fito da farin ruwa. Bayan yayyafi za ku ga jan zoɓon ya sauka kamar jijiya, ya taɓa layin ruwa, ya kwanta, sannan ya fara jan ciki zuwa wajen tiyo. Can sai ruwan sirinji ya yi ja-ja. Ku maimaita gwajin sau biyu: sau ɗaya ku matso da ramin kusa da tiyo, sau ɗaya ku shafe cikin ramin da yumɓu. Ku kwatanta mintocin da launin ya ɗauka a kowane karo.

Wata daga cikinku za ta ce, "Malam, ai zoɓo narkewa yake yi, ƙwayar cuta kuwa ba ta narkewa." Gaskiyarki. Yashi ya fi iya kama ƙwayar cuta a kan launi, don haka gwajin hanya kawai yake nuna mana da tasirin tazara. Amma akwai gubar da ke narkewa kamar zoɓon, irin su sinadarin naitiret da ke fita daga masai da taki. Idan ya wuce miligiram 50 a lita yana da haɗari ga jarirai, domin yana rage wa jininsu ƙarfin ɗaukar iskar numfashi.

Mataki na 4: Ƙwayar kwalara a cikin jiki

Sunanta na kimiyya Vibrio cholerae. A ƙarƙashin madubin likita tana kama da waƙafi mai ɗan wutsiya. Tsawonta kimanin kashi 2 cikin 1,000 na milimita ne, wato sai an jera kusan 500 kafin su cika milimita ɗaya. Tana hayayyafa ta hanyar rabewa biyu. Ku ɗauka wata ƙwaya na rabewa duk minti 20, kamar yadda wasu ƙwayoyin hanji ke yi idan sun sami ɗumi da abinci. A awa ɗaya ta zama 8, a awa uku 512, a awa bakwai ta haura miliyan 2.

Idan mutum ya sha ta, ruwan tsamin ciki na kashe da yawa. Waɗanda suka tsira su sauka ƙaramin hanji, su manne, su saki dafi. Dafin na tilasta wa bangon hanji ya riƙa fitar da gishiri zuwa cikin hanji, ruwan jiki kuma ya bi gishirin. Abin da ke fita ke nan kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Alamu na bayyana tsakanin awa 12 da kwana 5. Idan ta yi tsanani, babban mutum na iya zubar da ruwa kusan lita ɗaya a awa. Ido ya faɗa, fata ta saki, fitsari ya ɗauke, jini ya yi kauri. Rashin ruwan nan ne ke kisa, wani lokaci cikin sa'o'i kaɗan.

To me ya sa ruwan gishiri da sukari ke aiki? A bangon hanji akwai wata ƙofa da dafin bai lalata ba, wadda ba ta shigar da gishiri sai tare da sukari. Idan suka shiga tare, ruwa ya bi su ya koma jini. Gishiri kaɗai ba zai buɗe ta ba, sukari da yawa kuma ƙara gudawar yake yi. Shi ya sa awo ya zama tilas. Ƙunshin gishiri da sukari na asibiti, wato ORS, shi ya fi, a narkar da shi yadda aka rubuta a jikinsa. In babu, a sami lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin. A riƙa ba marar lafiya yana kurɓa ana kan hanyar asibiti. Idan aka sami kulawa da wuri, waɗanda ke rasuwa ba sa kai 1 cikin 100.

Abu mafi muhimmanci ga darasinmu shi ne, yawancin waɗanda suka kamu ba sa nuna alama ko kaɗan, amma suna fitar da ƙwayar a bayan gidansu har kwanaki. Mai lafiya garau na iya shigo da ita unguwa bai sani ba. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu a Nijeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma Bauchi, Kano, Jigawa da Zamfara na cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Mataki na 5: Likita, taswira da hukumar unguwa

A ƙarshen watan Agusta na 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan. Cikin kwana goma mutum kusan 500 suka mutu. A lokacin yawancin likitoci sun ɗauka mugun wari ne ke kawo cutar. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan ke ɗebo ruwa, ya ga gidajen makoki sun yi dandazo kewaye da famfon tuƙa-tuƙa na Titin Broad. Daga baya ya zana su a taswira.

Bai tsaya ga waɗanda suka mutu ba, ya binciki waɗanda suka tsira. Wani gidan marasa galihu da ke nan kusa, mai ɗauke da ɗaruruwan mutane, kaɗan ne suka mutu a cikinsa, domin yana da rijiyarsa. Wata dattijuwa kuma da ke zaune nesa da unguwar ta mutu, bincike ya nuna ana kai mata ruwan famfon nan ne saboda tana son ɗanɗanonsa.

Ranar 7 ga Satumba Snow ya tsaya gaban hukumar da ke kula da unguwar ya baje hujjojinsa. Washegari aka cire hannun famfon. Gaskiyar tarihi ita ce annobar ta riga ta fara lafawa, domin mutane da yawa sun tsere. Amma da aka tona daga baya, sai aka tarar da ramin ƙazantar wani gida bai kai mita ɗaya daga rijiyar ba, kuma yana yoyo. Snow bai taɓa ganin ƙwayar da idonsa ba. Ƙidaya da kwatance ne suka kai shi. Ku lura kuma da cewa shi ba shi da ikon taɓa famfon. Hujja tasa ce, umarni na hukumar unguwa ne.

Mataki na 6: Awo huɗu na dubagari

Kakanninku za su ba ku labarin dubagarin da, wanda in ya shigo gida sai ya leƙa randa ya duba ko akwai tsutsar sauro. Makarantar Tsafta ta Kano ta daɗe tana horar da irinsu tun zamanin Turawa. Na yau ga abin da ake so ya auna:

Awo na farko, tazara da gini. Da tef zai auna nisan masai, bola da turken dabbobi daga rijiya. Ya duba ko bakinta ya ɗaga sama, ko an yi mata daɓen siminti kewaye, ko daɓen ya tsage, ko tana da murfi, ko ruwan da ya zube na da hanyar fita, ko guga na da maratayi.

Awo na biyu, duhun ruwa. Ƙurar da ke yawo a ruwa maɓoya ce ga ƙwayoyin cuta. Ana so duhun ya gaza 5 a ma'aunin NTU kafin a sa magani. Alam na taimakawa a nan: ƙananan ƙwayoyin laka na ture juna ne saboda cajin lantarki iri ɗaya da ke jikinsu, alam ya kashe cajin, su dunƙule su kwanta. Amma alam share ruwa yake yi, ba ya kashe cuta.

Awo na uku, ragowar kulorin. Idan aka zuba kulorin, dattin cikin ruwa ne ke fara cinye wani kaso. Abin da ya saura bayan minti 30 shi ke gadin ruwan a cikin jarka da randa. Ana so ya kasance tsakanin miligiram 0.2 da 0.5 a lita a inda ake sha. Dubagari zai ɗebi ruwa a ɗan kwalabar gwaji ya jefa ƙwayar DPD. Ruwan da ke da kulorin zai koma ruwan hoda, sai a kara shi da jadawalin launi a karanta adadin. In ya tsaya fari, babu mai gadi a ciki.

Awo na huɗu, ƙwayar E. coli. Neman kowace cuta ɗaya bayan ɗaya na da tsada, saboda haka ake neman wannan, wadda mazauninta hanjin mutum da dabba ne. Ganin ta shaida ce cewa bayan gida ya shiga ruwan. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a sami ko ɗaya a cikin mililita 100.

Ku sani kuma, tafasa ruwa da kulorin ƙwayoyin cuta suke kashewa, ba sa cire guba irin dalma. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Irin wannan sai an hana ta shiga ƙasa da ruwa tun farko.

Mataki na 7: Lissafi

Misali na 1. Tankin unguwa na cin lita 10,000, ana so a sa kulorin miligiram 2 a kowace lita. 10,000 sau 2 ya ba da miligiram 20,000, wato giram 20. Idan garin kulorin da ake da shi ƙarfinsa kashi 65 cikin 100 ne, sai a raba 20 da 0.65, a sami kusan giram 31. Bayan minti 30 a gwada ragowar. Wannan aikin wanda aka horar ne, domin garin na ƙuna, kuma ba a haɗa shi da wani sinadari.

Misali na 2. Mu ƙaddara unguwa ta farko na da mutum 2,000, 40 suka kamu. Ta biyu na da 8,000, 80 suka kamu. Ina za a fara kai ɗauki? Ta farko 20 ke nan cikin kowane 1,000, ta biyu 10. Ko da yake ta biyu ta fi yawan majinyata, wutar ta fi ci a ta farko, can ya kamata a fara neman rijiyar da ta gurɓace.

Mataki na 8: Sa ido

Mu koma ga hannu biyun da muka ambata. Labarin ɓullar cuta na da hanyarsa. Daga gida zuwa mai unguwa da asibitin sha-ka-tafi, daga nan zuwa jami'in sa ido kan cututtuka da kowace ƙaramar hukuma ke da shi, shi kuma ya miƙa wa jiha, jiha ta miƙa wa NCDC. Babba ɗaya da gudawa mai ruwa-ruwa ta galabaitar ya isa a kai rahoto a ranar. Ɓoye majinyaci don gudun surutu ƙara wa cutar kwanaki ne.

Aikin kansila shi ne ya tabbatar sarƙar nan ba ta tsinke ba, kuma makaminsa tambaya ce mai neman adadi. "An gyara rijiyoyi?" tambaya ce da "ana kai" ke kashewa. Ga irin waɗanda ba sa mutuwa da sauƙi:

1. Rijiyoyin burtsatse nawa ne a mazaɓata, nawa ke aiki yau?
2. Rijiyoyi nawa aka gwada a watan jiya, nawa aka samu da E. coli, me aka yi musu?
3. Wuraren da 'yan ga-ruwa ke cika jarkoki, yaushe aka auna kulorinsu?
4. An yashe magudanu kafin ruwan farko? Ina aka kai abin da aka yaso?
5. Ƙunshin ORS nawa ne a kowane asibiti kafin watan Yuli?
6. Ina masu kwasar masai ke juye abin da suka kwaso?

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Duk inda kuɗi ya matso kusa da jama'a, tambaya ma dole ta matso.

Kada ku ɗauka aikin ya fi ƙarfinmu. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu cutar kurkunu sama da 600,000 a Nijeriya. Da matatar ƙyalle, da rijiyoyi masu tsafta, da 'yan sa kai da ke rubuta duk wanda ya kamu a ƙauyensu, aka ga mai ɗauke da ita na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba ƙasar shaidar rabuwa da ita a 2013. A 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko da duk ƙananan hukumominta 27 suka sami shaidar daina bahaya a fili. Duka nasarorin biyu ƙauye-ƙauye aka ƙirga su.

Taƙaitawa

Ruwan ƙasa na tafiya, yana ɗauke da abin da muka zuba masa. Tazara da daɓe da murfi na tare ƙazanta, kulorin na gadin ruwan bayan an ɗebo, ruwan gishiri da sukari na riƙe ran wanda ya kamu. Tunda fili ɗaya ba ya isar tazarar da ake bukata, tsaron rijiya aikin unguwa ne da hukumarta: dubagari ya auna ya rubuta, ciyaman ya zartar, kansila ya nemi ganin rajistar.

Tambayoyi

1. Me ya sa masan da bai yi illa da rani ba zai iya gurɓata rijiya a watan Agusta?
2. Bambanta aikin alam da na kulorin.
3. Me ya sa ake neman E. coli maimakon ƙwayar kwalara kanta?
4. Giram nawa na garin kulorin mai ƙarfin kashi 65 ake bukata ga tankin lita 5,000 a kan miligiram 2 a lita?
5. Wace hujja ce mutuwar dattijuwar nan ta ƙara wa binciken John Snow?

Aikin gida

Kowa ya nemi izinin mahaifinsa ko mahaifiyarsa, ya auna tazarar da ke tsakanin inda gidansu ke ɗebo ruwa da masai mafi kusa, ko da na maƙwabta ne. Wanda ba shi da tef ya yi da taku, ya auna tsawon takunsa a nan makaranta. Ya rubuta ko rijiyar na da daɓe da murfi, da inda guga ke kwana. Kada a rubuta sunan kowane gida, lamba ta isa. Ranar Litinin za mu haɗa sakamakon a taswira ɗaya, mu ƙirga rijiyoyin da suka cika mita 30 da waɗanda suka gaza. Daga nan ajin nan zai rubuta wasiƙa cikin ladabi, mu bi ta hannun shugaban makaranta da mai unguwa zuwa ga kansilan mazaɓarmu, taswirar na liƙe a bayanta.